Zomon Baba Ba Zai Bar Ɗaki Ba

Tanti Ramlatu,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki yi mini dariya. Na san masu rubuto miki da kukan aure suke zuwa, ko na haihuwa, ko na rashin aiki. Ni tawa damuwar fara ce fat, mai dogayen kunnuwa, kuma a kan dardumar mijina take fitsari. Zomo ne, Tanti. Duk wanda na ɗauko wa zancen, kafin in rufe baki ya ce in sa masa wuƙa in huta, wata maƙwabciyata har da lissafa mini kayan yajin da za su dace da shi. To ni ba zan yanka shi ba, ba kuma zan fitar da shi daga ɗaki ba. Abin da nake so ki koya mini shi ne yadda zan sa ya riƙa yin bukatarsa a wuri guda, kuma kafin azumi ya kama, don wa'adin da aka ba ni ke nan.

Bari in faro miki daga tushe, ko kya gane ba taɓin hankali gare ni ba. Ni tela ce. A Banifandou muke zaune, gidan haya, ɗaki biyu da salo, wato falo, kuma a salon kekena yake, nan mata ke kawo mini ɗinki. Maigidana shofer ne, yana jan kar, babbar motar fasinja, tsakanin Yamai da Damagaram, ya yi kwanaki a hanya ya zo ya yi kwanaki a gida. Mahaifina kuwa mutumin Tasawa ne, ya zo garin nan tun yana saurayi ya kama lambu a Gamkalley, bakin kogi. Da salati da shu, wato kabeji, da karoti ya ciyar da mu har ya aurar da mu. Ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a kwance ba. Daminar bara waccan tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi a tsakiyar lambun yana ban ruwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Mutumin da ke ciniki da Hausa da Zabarmanci yana sa matan kasuwa dariya, yau sai nuni da hannun hagu da wata 'yar murya da ba ta fita. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena maza kowa yana wata ƙasa neman abinci, shi ya sa da aka sallame shi daga asibiti wurina ya dawo.

Muka shimfiɗa masa katifa a salo, jikin bangon gabas, inda iskar bantilater ke kaiwa. Watannin farko, Tanti, ko maƙiyina ban so ya ga irinsu ba. Baba ya juya fuska ga bango ya ƙi kowa. Kunu sai da roƙo, shi ma ya kurɓa sau biyu ya kau da kai. Likitan motsa jiki, wanda muke ce wa kine, ya yi ta zuwa har ya gaji, ya ce shi ba abin da zai iya yi wa mutumin da ba ya so. Ina taka keke ina share hawaye da bakin zane, ina kallon ƙeyar mahaifina.

Ana haka sai ga Fatuma ta zo dubiya da kwali a ka. Bazabarma ce, lambunta yana jikin na Baba, kuma tana kiwon zomaye a can tun ina yarinya. Baba ne ma ke gyara mata kejinsu, ya kwashi takin ya zuba wa shukarsa. Ta kawo mana 'ya'yan zomo biyu, mace da namiji, wai ko ganinsu zai ɗebe masa kewar lambu. Muka sa su cikin keji a tsakar gida. Kin san zafin garin nan in bazara ta tsaya. Wata rana da azahar na fito na tarar macen ta miƙe ta mutu, namijin kuma yana haki kamar zai bi ta. Na sungume shi na shigo da shi, na ajiye a kan siminti mai sanyi kusa da katifar Baba, don nan ne kawai iska take. Da ya farfaɗo sai ya ja jiki ya je ya lafe a jikin hannun nan da ya mutu. Baba ya juyo. Wallahi ranar ce ta farko da ya juyo don kansa, ba da wani ya juya shi ba.

Daga nan ya fara miƙa masa ganye da hagu. Da kine ya gani, ya ce a riƙa saƙala ganyen a yatsun dama, zomon ya zo ya ja. Yau Baba yana iya damƙe ganyen salati da hannun, har ya hana shi don tsokana, kuma na ji dariyarsa da kunnena. Karkatacciya ce, amma dariya ce. Yana cin tuwo, yana yarda a zaunar da shi. 'Yan gidanmu suka laƙaba wa zomon suna Kumandan, wai don shi ke mulkin salon, babba da yaro sai an ɗaga ƙafa an ba shi hanya.

To ga inda ta ɓaci. Yana ƙarami abin da sauƙi, amma da ya girma, bayan damina, sai ya zama wani abu daban. Kashin ban damu da shi ba, busasshe ne, tsintsiya ɗaya ta kwashe. Fitsarin ne bala'i. Ga wari, ga shi yana barin farin tabo kamar an zuba alli. Kuma yana da lungun da ya kafe a kai, tsakanin ƙafar katifar Baba da bango, ko da yake duk wani yadi da ya samu a ƙasa shi ma bai bar shi ba.

Kada ki ce zama na yi na naɗe hannu. Na je kasuwar Katako na sayo baho na roba, na shimfiɗa masa guntayen yadi a ciki, masu laushi, tunda su ne ba na rasawa. Na ajiye bahon can bakin ƙofa, ta hanyar makewayi, inda ya dace da ƙazanta. Ciyawarsa da ruwansa kuma na bar su kusa da Baba, nesa da bahon, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. In na ga ya ɗaga wutsiya in ruga in ɗauke shi in jefa cikin bahon, ya dube ni da ido ɗaya ya yi tsalle ya fita, ya koma lungunsa ya yi abin da ya yi niyya. Wani lokaci dai yakan yi a ciki, sai in yi maza in zubar da yadin, in wanke bahon da jabel, ruwan bilicin nan, har ya yi ƙyalli, don ni ba na zama da wari. Safe da yamma ina cikin turaren wuta, har masu kawo ɗinki na tambayata ko haihuwa aka yi a gidan. Maƙwabciyar nan mai yaji ta ce in goga hancinsa a fitsarin in ɗan make shi, haka ake yi wa kyanwa. Na gwada, ya yakushe ni, ya yini ƙarƙashin kujera yana buga ƙafa, Baba kuma ya ƙi cin abincin rana. Ban sake ba.

Kumandan ya ɓata mini farin bazan, wato shadda, na wata Hajiya da za ta sa ranar bikin 'yarta. Na ajiye shi a tabarma zan yanka, na shiga kicin na fito, sai ga taswira a tsakiyarsa. Matar ba ta zage ni ba, ta ɗauki kayanta ta fita, kuma ba ta sake waiwayo ni ba, ita da ƙawayenta duka. Ya gutsure wayar kekena, Allah ya sa an ɗauke wuta a lokacin. Duk wannan na shanye, don asarata ce ni kaɗai.

Amma na maigidana ba zan iya shanye masa ba. Tanti, in faɗi gaskiya, mutumin nan bai rage ni da komai ba. Shi ke goya Baba zuwa wanka, shi ke yi masa aski, bai taɓa nuna mini a fuska cewa surukinsa ya cinye masa salo ba. In yana gari, la'asar a gida yake yi, ya shimfiɗa darduma gefen katifa ya ja Baba salla daga zaune, don kada tsohon ya manta daɗin jam'i. Makon jiya ya dawo daga hanya a gajiye, ya tayar da salla, ya kai goshi ƙasa sai a kan danshi. Ya sallame, ya sake alwala, ya sake sallar a kan buhu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Bayan mun keɓe ya ce shi ba zai shiga watan azumi yana shakkar inda yake sujada ba, ga baƙi za su riƙa zuwa buɗe baki. Ya ce in zomon bai gyaru ba kafin a ga wata, ko ya koma keji a tsakar gida ko ya mayar wa Fatuma kayanta, kuma shi da kansa zai yi wa Baba bayani. Na san yana da gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Amma kejin nan shi ya kashe 'yar'uwar zomon, ga kyanwoyin unguwa, lambu kuma daidai yake da an raba shi da Baba har abada. Ni na ga ƙeyar Baba wata da watanni, na san abin da zai biyo baya, kuma wannan karon ba na jin zai sake juyowa.

Akwai wani abu kuma. Ba shi na zo tambaya ba, amma tunda ba ki san ni ba bari in sauke shi, don ko maigidana ban gaya wa ba. Ina tsoron ciwon ya fara taɓa hankalin Baba. Likita ya taɓa ce mana hakan na iya faruwa. Kwanakin nan, in na fita tsakar gida na dawo, sai in tarar ya sa sandarsa ya jawo bahon daga bakin ƙofa har zuwa lungun nan na ƙafar katifarsa, ya kwashi ciyawar zomon ya watsa a ciki. Abinci, Tanti, cikin wurin kashi. Mutumin da ko takalmin lambu bai yarda mu tsallaka ƙofa da shi ba, mai wanke hannu kafin ya taɓa kwanon sha. In kwashe ciyawar in mayar da bahon wurinsa, shi kuma ya yi ta buga sanda a ƙasa yana wani sauti, yana nuna ni yana nuna lungun. Ina lallashinsa kamar yaro. Shekaranjiya da na kwashe sai ya saki sandar, hawaye suka zubo masa, ya juya ga bango. Na shiga ɗaki na toshe baki na yi kuka mai isata. Idan hankalinsa tafiya yake yi, to zomon nan ne kaɗai abin da ya rage yana riƙe da shi, kuma sai dai a yi duk wadda za a yi, ba zan bari a ɗauke masa shi ba.

Don haka ki gaya mini gaskiya. Ana iya koya wa zomo, ko ɓata lokacina nake yi? In ana iyawa, ko ajiye keke zan yi in tsare shi daga safe har yamma, zan yi. Ba haƙuri nake so ki ba ni ba, an ba ni ya ishe ni. Hanya nake nema.

Taki,
'Yar Mai Lambu, Banifandou, Yamai

*

'Yar Mai Lambu,

Wa alaikis salam. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, tun daga wurin kayan yajin nan. Amma kafin in kai tsakiyar takardar dariyar ta tsaya. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Amsar tambayarki a taƙaice ita ce e, ana koya wa zomo, kuma ya fi sauƙin koyo a kan yadda kike zato, domin shi da kansa yana son yin bukatarsa a wuri guda. Ban tsaya ga sanina ba, sai da na je na zauna da wani likitan dabbobi da wata ƙawata mai kiwonsu. Ga abin da na samo miki.

Mu fara da maigidanki, don kada zafin zomo ya sa ki manta da shi. Mutumin da ya goya mahaifinki zuwa wanka ya cancanci busasshen wurin sujada a cikin gidansa, ba sai ya roƙa ba. Ni ba malama ba ce. Na sha jin malamanmu suna cewa fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, amma wannan shi zai je ya tambayi limaminsu da bakinsa, don zuciyarsa ta natsu. Ke kada ki ɗauki wannan magana ki mayar da ita makami. Ko da an ce masa da tsarki, babu mai son kai goshi a kan danshi. Wa'adin da ya ba ki ba zalunci ba ne, gajiya ce.

Yanzu ga aikinki. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ke da hannunki kika koya wa Kumandan cewa yadi wurin fitsari ne. Kin shimfiɗa masa guntaye a baho, kina jefa shi a kai, to ta ina zai bambanta guntun atamfa da bazan ɗin Hajiya, ko da darduma? Duk laushinsu ɗaya a ƙafarsa. Ki fitar da yadi daga bahon yau, domin ban da wannan ma, in ya haɗiyi zare yana iya toshe masa hanji. Ki yayyaga tsohuwar takarda ki shimfiɗa da kauri. Jaridar nan tamu ma ta yi, in kin gama karanta ni. Ban da toka, ban da yashi, ban da garin katako mai laushi na wurin kafinta, duk suna shiga masa hanci. Sannan duk wani yadi ya bar ƙasa. Kayan mutane su hau tebur ko su shiga akwati, darduma kuma a naɗe ta a rataye da an sallame.

Tsabtarki ma ta yi miki aiki a baibai. Zomo da hanci yake gane wurinsa. Duk ranar da ya yi daidai, kin bi da jabel kin goge shaidar, alhali lungunsa da dardumar suna riƙe da ɗan warin da ke ba ki ji, shi kuwa yana ji. Sai ki juya abin. Inda ba ki so ya yi, ki wanke da binegar na salati gauraye da ruwa, shi ke cire farin tabon da warin tare, dardumar kuma a wanke ta da kyau ta sha rana. Bahon kuwa ruwa da ɗan sabulu sun isa, kuma a makonnin farko, duk lokacin da kika canza takarda, ki bar 'yar jiƙaƙƙiya guda da 'yan ƙwayoyin kashi a ciki. Jabel a kan fitsari ma yana tayar da iska mai cutar ƙirji, ki daina haɗa su. Turaren wuta ki mayar da shi uwar ɗaka ki rufe ƙofa. Hayaƙin ya yi wa zomo ƙarfi, baƙon ƙamshi kuma yakan sa ya ƙara yayyafa nasa, kuma ba na jin ƙirjin Baba ma yana gode miki.

Kada ki bar masa salon duka tun yanzu. A kewaye masa ɗan fili da waya ko katako a gefen katifar Baba, inda hannun tsohon zai kai gare shi, da bahonsa da ruwansa a ciki. A rage tsayin bakin bahon ta gefe guda don shiga ta yi masa sauƙi. Ya zauna nan har sai kin ga fitsarin yana tafiya wuri ɗaya, sannan ki riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan kina kallo, kina ƙara masa fili gwargwadon yadda ya kiyaye. In ya ja da baya ya ɗaga wutsiya, ki kora shi a hankali zuwa bahon, kada ki ɗauke shi ki jefa. In ya yi a ciki, ɗan ganye a take. Duka da goga hanci ba sa koya masa komai sai tsoronki, kin ma gani da idonki. Wayar keke kuma ki zura ta cikin tiyo.

Kin ce abin ya ɓaci ne da ya girma. Haka ne, balaga ce, yana shata iyakar gidansa. Fiɗiya tana rage wannan sosai, amma ki nemi likitan dabbobi da ya saba da zomaye, ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi. Kada ki yarda wani mai dandaƙar raguna ya taɓa miki shi. Ko an yi, sai an ɗau makonni kafin halin ya lafa, don haka kada ki jira. Kuma ki sani ko zomon da ya fi kowanne ladabi yakan yar da ƙwaya biyu uku a hanya. Ki gaya wa maigidanki wannan tun yanzu, ku yi magana a kan fitsari, kada ki yi masa alkawarin abin da dabba ba ta iyawa.

Ki same shi yana cikin natsuwa, ki fara da cewa yana da gaskiya, sannan ki nemi hannunsa. Shi zai haɗa shingen, shi zai kai Kumandan wurin likita. Namiji in ya sa guduma a abu, ba ya saurin cewa a jefar da shi. Kuma ki nuna masa akwai hanya ta uku da bai lissafa ba. Ko da wata ya tsaya horon bai kammala ba, zomon yana iya yin azumin cikin shingensa a gefen Baba, darduma tana rataye, baƙi su sha ruwa lafiya. Ba tsakar gida, ba lambu. Ina kyautata zaton mai jan surukinsa salla daga zaune ba zai ƙi wannan ba.

Na bar babbar maganar sai ƙarshe, kuma ina so ki zauna kafin ki karanta ta. Mu mutane mun taso an koya mana a raba abinci da makewayi, kuma daidai ne a gare mu. Zomo ba haka Allah ya yi shi ba. Shi yana ci ne yana kashi a lokaci guda. Duk mai son ya saba da baho, to a bakin bahon yake tara masa busasshiyar ciyawa, gefe guda, ya hau ya zauna yana tauna yana sauke nauyinsa, a riƙa canza ta kullum. Busasshiyar ciyawar burgu ta bakin kogi ta fi, harawa kaɗan, don ita ke ƙara kaurin farin fitsarin nan. Kuma ba a zaɓar wa zomo lungu, inda ya zaɓa nan ake kai masa bahon. Waɗannan biyun su ne ginshiƙin horon duka, sauran da na lissafa miki taimako ne kawai.

To koma ki karanta abin da kika rubuto mini da hannunki. Wa ke jawo bahon zuwa lungun da zomon ya zaɓa? Wa ke zuba ciyawa a ciki? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gyara kejin Fatuma yana kwasar taki ya san inda zomo ke kashi, ya san a bakin abincinsa yake yi. Ban ce ciwo bai taɓa shi ba ta wani wajen, wannan na likita ne, kuma ki ci gaba da kai shi. Amma abin da kika kawo mini a matsayin shaidar gushewar hankali, ni shaidar hankali na gani a ciki. Yana ganin ana shirin raba shi da abokinsa, ya san maganin, ba shi da bakin faɗa, sai sanda. Hawayen shekaranjiya ba na ruɗewa ba ne, 'yata. Na wanda ya san abu ne aka ƙi saurarensa.

Kada ki tsaya cizon yatsa, ƙauna ce ta rufe miki ido, kuma azumi bai zo ba tukuna. Ki ajiye jaridar nan ki ɗauki bahon da hannunki, ki kai shi lungun da Baba ke nunawa. Ki durƙusa ki ce masa kin gane, shi ke da gaskiya. Sannan ki sa masa ciyawar a hannun dama, ki bar shi ya zuba da kansa, ko zai ɗauki rabin yini. Daga yau wannan aikinsa ne, ke mai kwashewa ce kawai. Abin da kika kwashe kuma kada ki zubar duka. Ki tara shi, ki nemi tsohon bokiti ki cika da ƙasa, ki roƙi Fatuma dashen na'ana'a, ki ajiye a bakin ƙofa inda zai riƙa hangowa daga katifa. Shi zai nuna miki yawan takin da za ki zuba, kuma wannan karon ki bi sandar.

Allah ya ɗaga kafaɗun Baba, ya bar ku tare da maigidanki cikin rufin asiri, ya nuna muku watan azumi lafiya, darduma a bushe, Kumandan a gefen mai shi.

Tanti Ramlatu